Azumin da Muka Gasa Kwayil a Tanderun Mama Zalhata

Agusta ya kama a Dubai, kuma bana iskar ta zo da nauyi. Jiya da safe ina fitowa daga flat ɗinmu na Al Nahda, gilashin idona ya rufe ruf da tururi, sai da na tsaya na goge shi da gefen riga kafin na ga inda na ajiye mota. A irin wannan lokaci ba rana ce ke wahalar da mutum ba, danshi ne. Ji za ka yi kamar an tsoma bargo a ruwan zafi an lulluɓa maka. Kafin in kai wurin aiki a Ras Al Khor riga ta manne mini a baya. Duk shekarar da wannan iska ta taɓa ni, ba Kaduna nake tunawa ba, inda aka haife ni. Wani tsibiri nake tunawa, da azumin da na yi a cikinsa shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce.

Lokacin ban fi shekara biyu da zuwa Dubai ba. A Panteka na koyi naɗin waya wajen kawuna, tun daga fanka har ƙananan janareta. Wani Alhaji ɗan Kano mai sayen tsofaffin injina shi ya yi mini hanya na samu aiki a wani kamfani da ke sayen manyan janaretocin da suka gaji, ya gyara ya sayar. A wancan zamanin Hausawa ba mu da yawa a nan. A kamfanin mu biyu ne kacal, ni da Mamane, mutumin Maraɗi, bakanike na injin dizal. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Yaya nake ce masa, shi kuwa ban taɓa jin ya kira ni da sunana Isyaku ba, kullum ɗan Kaduna.

Kamfani ya sayar wa wata ƙaramar ƙasa a Tekun Indiya janareta guda babba. Ƙasa ce mai tutarta da shugabanta, amma idan ka hau mota bayan sallar asuba, kafin la'asar ka zagaye babban tsibirinta ka dawo inda ka tashi. Injin ya riga mu tafiya a jirgin ruwa, mu muka bi ta sama, saura kwana goma azumi. An zaɓi Mamane don yana jin Faransanci, ni kuma don harkar waya da ɗan Larabcin da na tsinta a masallaci da kasuwa.

Abin da na fara gani shi ne baƙin dutse. Ko'ina baƙin dutse, har bakin teku, sannan wani dogon tsauni a tsakiya da gajimare ya yi wa rawani. Garin duk ƙamshin kanumfari yake, ana shanya shi a tabarmi a bakin hanya. Amma babu kogi, babu rafi ko ɗaya. Dutsen nan shanye ruwa yake yi nan take. Kowane gida yana da kwarmin siminti da yake tara ruwan sama, kuma mun isa a ƙarshen rani, duk sun kai gindi. Sauran ruwan garin famfunan lantarki ke jawo shi daga rijiyoyi masu zurfi a gindin tsaunin. Idan babu wuta, babu ruwa. Shinkafa, siminti, man dizal ɗin da ake ba injinan, duk jirgin ruwa ke kawo su.

Tashar wutar wata doguwar rumfar kwano ce dab da teku. Shugabanta Fundi Bakari ne, gajeren dattijo mai hula zanna irin tasu, kunnensa na hagu ƙarar inji ta cinye shi tuntuni. Fundi a bakinsu kamar a ce gwani ne, ko malamin sana'a. Injina biyu muka tarar. Na ɗaya ya mutu shekaru, ana ta zare kayan cikinsa ana rufa wa na biyu asiri. Na biyun kuma yana tari yana hayaƙi, amma fes yake, ko ɗigon mai babu a ƙasansa. Duk safiya sai Fundi ya ɗora tafin hannu a jikinsa, kamar mai duba zazzaɓin ɗansa. Namu ya zama na uku. Cikin kwana takwas muka kafa shi, muka tayar. Aka shiga azumi da wuta a ko'ina. Tikitinmu na komawa ranar shida ga wata ne.

Ranar huɗu ga azumi, bayan la'asar, gari ya yi duhu ta gabas. Muka ce ga ruwa nan. Ashe iska ce tsagwaronta. Ta ɗauke kwano biyu daidai saman injinmu, ta kwaso feshin teku ta watsa mana ciki, ruwan saman da ya biyo baya ko ƙura bai kwantar ba. Kafin Fundi ya kai hannu ya kashe, na riga na ji warin. Duk wanda ya yi sana'armu ya san warin ƙonanniyar waya, ba ya kama da komai. Injin yana ta ruri lafiya lau, amma allurar mita ta faɗi ƙasa ta kwanta.

Washegari na buɗe bayan janaretan. Akwai wani ƙaramin kwayil a can, naɗin waya ne a jikin zoben ƙarfe mai faɗin tayar babbar mota. Shi ne ke fara tayar da wutar da babban kwayil ke ɗauka ya ninka. Idan babu shi, injin ko zai yi gudu har gobe, ko ƙwan fitila ɗaya ba zai kunna ba. Ruwan gishiri ya shige shi, ya ƙone ƙurmus.

Muka je gidan waya muka kira manajanmu a Dubai, muka jira kusan awa guda kafin layi ya shiga. Ya ce sabo sai daga Turai, sati shida in an yi sauri, kuma ya fi ƙarfin ɗan jirgin saman da ke zuwa tsibirin, sai teku ta lafa jirgin ruwa ya kawo.

“Isyaku, ka ji ni da kyau,” in ji shi. “Kada ka taɓa komai. Idan ka yi ƙoƙarin Panteka babban kwayil ya ƙone, khalas, shi ke nan. Aiki khalas, visa khalas. Ku hau jirgi gobe ku dawo.”

Ba mu samu hawa washegarin ba, don iskar ta sa an ɗage jirgin zuwa wani satin. A cikin kwana bakwai ɗin nan ne na ga abin da rashin wuta yake nufi a ƙasar da teku ta kewaye. A gida idan an ɗauke wuta, akwai mai ruwa da kurarsa, akwai garin maƙwabta. Nan babu maƙwabci sai ruwan gishiri. Inji na biyu ba ya iya ɗaukar komai sai asibiti da famfo guda na 'yan awanni. Fundi ya rubuta rabon da alli a jikin ƙofa, kullum yana gogewa yana ragewa. Mata suka riƙa yin layi da jarkoki tun hantsi, layin ya bi gefen masallaci ya gangara har kasuwa, wata ta wuni ta koma da rabin jarka. Gidan ƙanƙara ya tsaya. Masunta suka dawo da kifi cike da kwalekwale, kafin azahar ya fara wari, aka mayar da shi teku. Daga nan suka daina fita.

Ga zafi. Gajimare ya haɗu baƙi ƙirin a kan tsauni, kowa ya fito da bokiti da kwano, sai ya watse kamar da gangan. Gumi ba ya bushewa. Ka yi wanka babu hali, ka kwanta tabarma ta jiƙe. Alwala a teku muke yi, kowa da kowa, har limamin. Kafin ka isa masallaci gishiri ya bushe fari fat a hannunka, fuska tana ja kamar an ɗaure ta.

A gidan Fundi muke buɗe-baki. Matarsa kan fasa wa kowa ɗanyar kwakwa guda, a sha ruwanta, sannan a kawo ɗanyar ayaba da aka dafa da madarar kwakwa, da rogo, da gutsuren burodi, da shayi mai citta a ƙananan kofuna. Ruwan sha a buta ɗaya yake zuwa, ana zagayawa da shi, kuma na lura kowa yana kallon maƙogwaron wanda ke sha. Mu baƙi su suke fara miƙa wa. Wannan ya dame ni fiye da ƙishirwar.

Ana gobe jirgi zai zo, inji na biyu ya tsaya da tsakar rana. Mamane da ma'aikatan tashar suka rufu a kansa. Muna cikin haka sai ga likitar asibitin, mace ce, ta tako da ƙafa cikin ranar nan da farar rigarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Fundi awa nawa. Ya ce wataƙila biyu. Ta ce tana da jarirai biyu bakwaini a kwalba, da firjin magani, ɗan janaretanta kuma ba ya wuce awa uku bai yi zafi ya mutu ba. Mamane ne ya fassara mini. Ta juyo ta dube mu, mu baƙin da muka kawo sabon inji, ta gaishe mu da ladabi, ta koma. Injin ya tashi bayan awa biyu da rabi.

Da la'asar Mamane ya ja ni gindin wata bishiya a bakin ruwa, hannunsa duk baƙin mai.

“Ɗan Kaduna, wancan tsohon ba zai kai sati shida ba. Na ga cikinsa. Tsakaninka da Allah, za ka iya naɗa kwayil ɗin nan?”

“Yaya, na naɗa ƙananansa da yawa. Mai wannan girman ban taɓa ba.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

Ina da amarya a Kaduna da jaririyar da ban taɓa gani ba sai a hoto, ga mahaifiyata, duk da wannan visar suke cin abinci. Na ce, “Idan na samu waya, na samu tanderu, zan iya. Amma ka ji abin da manaja ya ce.”

“Na ji. Idan korar ce, tare za a kore mu, mu je Maraɗi mu buɗe gareji. Amma ni dai ba na hawa jirgin nan in bar mutanen da suke ba ni ruwansu in fara sha.”

Da muka gaya wa Fundi, sai ya miƙe. Ya shiga ofis ya rubuta takarda da Faransanci cewa shi ya ba da umarni, duk abin da ya lalace a wuyansa, ya sa hannu ya buga hatimi ya ba ni. Washegari muna tsaye a ƙofar tasha jirgin ya wuce ta samanmu ya nufi arewa. Na bi shi da ido har ya ɓace.

Muka fara da warware ƙonanniyar wayar. Naɗi takwas ne a jikin zoben, kuma dole a san zagaye nawa ne a kowanne, in an yi kuskure aikin banza ne. Ina warwarewa ina ƙirgawa da Hausa, Mamane yana yi da Faransanci, Fundi da yarensu, duk hamsin sai mu tsaya mu ga ko bakinmu ya zo ɗaya, a jefa tsakuwa a gwangwani. Wayar tana karyewa tana yanka yatsu. Ga baki a bushe, harshe kamar tsumma, ga ƙirga da ƙarfi.

Waya ce ta ba mu wuya. Fundi ya zagaya da ni duk inda ake zaton akwai, har muka dace a wani tsohon sito na tashar jiragen ruwa, nannaɗe guda na jar waya da aka manta shekaru, a cikin takardar mai. Ta fi wadda ake so siranta. Na zauna na yi lissafina a bayan kwali, na ga idan aka haɗa biyu biyu za ta ɗauka. Banish, wato man da ake tsoma naɗi a ciki ya daskare ya hana danshi shiga, ina da galan guda da na zo da shi don shafe-shafe. Wani masassaƙin kwalekwale ya dubi tsohon naɗin sau ɗaya, ya tafi, washegari ya dawo da katakon da za mu riƙa naɗawa a kai, daidai wa daida, har da hannun juyawa.

Masuntan nan da suka rasa aiki su suka cece ni. Da farko kallo suke zuwa yi. Ina fama da waya biyu, ɗaya ta saki ɗaya ta ɗame, sai wani dattijo a cikinsu ya matso ya karɓa a hannuna. Mutanen da suka tashi da zaren kamun kifi a yatsunsu! Yadda suke riƙe wayar nan, ba sako-sako ba ɗamewa, na rantse ko injin naɗi na zamani bai fi su ba. Suka raba kansu, biyu na sakin waya, ɗaya na juya katako, ni ina jera zagaye ina ƙirgawa. Mukan fara da gari ya waye, mu tsaya da azahar mu kwanta a kan simintin tasha don shi ne mai ɗan sanyi, mu tashi bayan la'asar mu ci gaba har rana ta yi ja. Suna da wata waƙa da suke yi ƙasa-ƙasa in suna jan taru, ita suka riƙa yi. Ban san ma'anarta ba, amma da ita na daidaita hannuna. Kwana biyar muka yi.

Saura gashi. Idan an tsoma naɗi a banish, sai an gasa shi awanni a zafi madaidaici. A Dubai muna da tanderun lantarki mai agogo. A tsibirin tanderu ɗaya ne zoben zai shiga, na Mama Zalhata mai burodi, wadda rabin garin da burodinta suke buɗe-baki. Doguwa ce kakkaura, ta shafa farin garin itace a fuska irin na matan can. Muka je da Mamane da Fundi. Ta buɗe galan ɗin ta shinshina, ta yamutsa fuska.

“Ta ce wannan warin zai kama tanderunta,” in ji Mamane. “Kwana biyu babu burodi, na uku wanki.”

Na ce a ba ta haƙuri. Ta yi wata magana tana nuna layin jarkoki da haɓa.

“Ta ce da ma da wane ruwan take kwaɓa fulawar? Ta ce wane irin zafi kake so?”

Na faɗi lamba. Ta yi dariya, ta ce ita ba ta san lamba ba. Ta ɗebo fulawa ta watsa a gindin tanderun, ta ce in nuna mata: wanda fulawa ke yin baƙi nan take, ko wanda take yin ja, ko wanda take daɗewa fara kafin ta soma sauyawa? Na shafa banish a guntayen waya muka yi ta gwadawa, har muka tsaya a kan na ukun. Ta ce wannan ai zafin bayan an kwashe burodi ne, ta san shi kamar sunanta.

Maza shida suka turo zoben a amalanke. Mama Zalhata ta zauna a bakin tanderun nan tun hantsi har rana ta kusa faɗuwa, da azumi a bakinta, cikin zafin da ni namiji ban iya minti goma a wurin ba. Jifa-jifa ta zura hannu har gwiwa, ta ja garwashi baya ko ta tura. Na matso in duba, ta kore ni da mafici.

“Ta ce shekara talatin ba ta ƙona abin da ta gasa ba, ba da naka za ta fara ba.”

Ya fito ruwan zuma, yana ƙyalli, da ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarfe. Sai da ta zagaya shi ta duba kamar yadda take duba burodi, sannan ta yarda aka ɗauka.

Ranar ashirin ga azumi muka ɗaura shi. Labari ya bazu, mutane suka cika bakin tasha. Mamane ya tayar da inji. Allura ta ɗaga, ta hau kaɗan, ta kai kwata, ta tsaya. Muka ƙara wuta, ba ta motsa ba. Muka kashe. Mutane suka juya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tuna jirgin da na bari ya tafi, da burodin kwana biyu da na hana gari. Ranar a wurin buɗe-baki ko ayabar ban iya haɗiya ba. Fundi ya tura mini kwanon gabana, ya ce da Larabcinsa mai kama da nawa, “Ci. Allura ta motsa, na gani da idona. Gobe.”

Da safe ina alwala a bakin teku na ga wani masunci yana goge kamfas ɗin kwalekwalensa, ɗan agogon nan mai nuna arewa. Nan take na tuna kawuna a Panteka, yadda yake gwada naɗi da batir da irin wannan kamfas. Na aro, muka jona batirin mota, na bi naɗin nan takwas ɗaya bayan ɗaya. Ka'ida allurar ta riƙa juyawa, wannan arewa, na gaba kudu. Na ɗaya daidai, na biyu daidai, har na biyar. A na shida ta ƙi juyawa. Ni da kaina na jona bakin wayarsa a juye, wata rana da jiri ya ɗebe ni don ƙishi. Na gaya musu laifina ne. Mamane ya ce, “To juya shi mana, ɗan Kaduna, ka tsaya kana mana wa'azi.”

Kafin mu kwance, mu gyara, mu mayar, rana ta yi ƙasa. Wannan karon mutane kaɗan suka zo. Inji ya tashi. Allura ta ɗaga, ta wuce kwata, ta wuce rabi, ta hau a hankali ta je ta tsaya cak inda ake so. Muka ba ta minti goma. Na ɗora hannu a murfin baya, ɗumi kawai. Na sa hanci, babu wari.

Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da ya zo da mota, yana ta yi wa Fundi magana a fara ba unguwar manya wuta. Fundi ya juya masa kunnen hagu yana gyaɗa kai, ya kai hannu ya ɗaga makunnin famfuna. Bayansa gidan ƙanƙara. Sannan gari, layi bayan layi, yana ɗagawa yana kallona, ina kallon allura ina cewa yalla, ci gaba.

Ladanin babban masallaci ya riga ya fara kiran magariba da zallar muryarsa, can ƙasa-ƙasa muke jiyo shi. Yana tsakiyar shahada lasifika ta kama. Muryar ta fashe a kan garin gaba ɗaya, har shi kansa sai da ya ɗan sarƙe. Sai guɗa ta tashi daga wajen kasuwa, ta bi gari. Famfon ƙofar tasha ya yi tari, ya tofar da iska, ya kawo ruwa ja mai tsatsa, sannan ya washe. Fundi ya tara kofin shayinsa ya miƙo mini. Ruwan da ɗumi, da ɗanɗanon ƙarfe. Na sha, na sake tarawa, na sake, babu mai kallon maƙogwarona. Mamane ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana dariya hawaye na bin baƙin man fuskarsa.

Bayan kwana uku aka tsuge da ruwan sama, irin wanda ba ka ganin tafin hannunka. Mama Zalhata ta aiko mana da burodi mai zafi, da saƙon cewa da ta san sama jiran mu take yi da ta ba da tanderun tun farkon wata. A can muka yi Sallah. Aka ɗinka mana fararen riguna da hula irin tasu, duk gidan da muka wuce sai an jawo mu ciki. Likitar nan ta tare mu a filin idi, ta ce jariran biyu duk suna nan. Tsohuwar jakata har yau in na buɗe ta, ina jin kamar da sauran ƙamshin kanumfarin da suka cika mana.

Da muka dawo manaja ya yi faɗa kamar zai ci mu. Na miƙa masa takardar Fundi, Mamane ya karanta masa. Ya ba ni takardar gargaɗi. Bayan wata biyu kuma ya sa aka share wani lungu a ɗakin gyara, aka kafa teburin naɗi, ya ce nawa ne. Yanzu ni ke kula da ɗakin gyaran gaba ɗaya, teburin kuma an daɗe da ɗauke shi. Kwamfuta ke faɗar abin da ya lalace, a buga waya sito, kafin la'asar sabo ya iso a kwali. Aikin ya fi sauri, ya fi tsabta, ba na musu. 'Ya'yana da suka tashi a nan ba su taɓa ganin an raba wuta da alli ba, kuma ina gode wa Allah da hakan.

Bara na raka wani baƙo daga Kano kasuwar Naif sayen takalma. A wani shago na ji mutum biyu suna magana da yaren da kunnena ya sani, ga hular nan a kansu. Na yi musu sallama, na tambayi tashar wuta. Babban cikinsu ya ce Fundi Bakari ya rasu da daɗewa. Mama Zalhata tana nan, ta tsufa, jikokinta ke gashi. Yanzu an shimfiɗa farantan hasken rana a gangaren tsauni, an kawo sababbin injina.

“Na ukun fa?” na ce.

“Bahaushe? Ai bai daɗe da yin ritaya ba.”

Na ce wane ne Bahaushe. Ya ce sunan injin ke nan, kowa haka yake kiransa tun yana saurayi. In an ɗauke wuta sai a ce Bahaushe yana hutawa. Wai wasu Hausawa biyu ne suka taɓa gasa cikinsa a gidan burodi, shi dai haka ya ji, bai san ko gaskiya ba ne.

Na ce masa gaskiya ne. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ajiye takalmin da ke hannunsa ya kama nawa hannun da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba.

Ina fita daga shagon na kira Mamane. Ya koma Maraɗi shekaru, ido ya yi rauni, yana zaune cikin jikoki. Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi ta dariya har da tari.

“Bahaushe! To madalla. Ka ga kuwa yanzu haka da kake mini magana, mafici ne a hannuna, tun safe babu wuta. Ɗan Kaduna, yaushe za ka zo ka naɗa mana namu?”